Na'ura Ta Ce In Ƙifta Ido

Ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da aka shaida mini ina ciyar da kare a ƙasar Turawa ba. Watan Mayu ne, ana jiran ruwan shuka. Sunana Audu, maigadin ɗakin ajiyar taki a Batsari, mataki na uku, shekara ashirin da biyu a ƙofa ɗaya. Ban yi boko ba. Wannan ma faɗa nake ana rubutawa.

Yanzu ba a ba ma'aikaci albashi a hannu. Banki yake shiga, ka kai kati wurin mai POS ya ciro maka. Wata biyu a jere ina tarar da rabi ya tafi. Sai na miƙa wa Hajiya Binta, akawunmu, wayata ta karanta saƙonnin banki.

Ta karanta, ta cire tabarau. "Baba Audu, kare gare ka?"

"Akuya gare ni."

"To, nan an ce duk wata kana saya wa kare abinci a wani shago a Turai. Har da sabulun wanka."

Kafin azahar duk ofis ya ji. Direbanmu ya tsaya a ƙofa ya ce, "Baba, ya mutumin naka? Ya ƙoshi?" Ban yi dariya ba. Juma'a albashi zai shiga, da shi zan sayi iri da takin gonata ta Karare. Takin da nake gadi ba nawa ba ne. In ɓarawon ya riga ni, bana ba noma.

Talata na nemi izini na tafi banki a Katsina. Na bi layi har la'asar. Na kan tebur ko ɗagowa bai yi ba, ya ce rufe kati yanzu a waya ake yi.

Laraba Hajiya ta buɗe abin bankin a wayarta. Ba mutum ke amsawa ba, na'ura ce. Muka rubuta cewa ɓarawo na cin kuɗina. Na'urar ta tambaya ko ina son rance. Sau uku muna haka. A na huɗu ta yarda za ta rufe katin, amma sai ta tabbatar ni ne: in kalli waya, in juya kai, in ƙifta ido.

Ido ɗaya gare ni. 'Yan bindiga suka raba ni da na hagu a hanyar Safana, suka bar mini tabo har kunne. Hoton da ke banki tun ina da biyu aka ɗauka.

Na ƙifta wanda nake da shi. Ta ce ba ta gane ni ba. Na cire hula. Na fita rana. Hajiya ta ce in gwada murmushi. Na gwada, na'ura ta ce ba ta ga fuskar mutum ba.

Muka kira lambarsu. Suka sa mini kiɗa har na yi alwala na dawo. Daga baya wata ta ɗauka.

"Ranka ya daɗe, sai mai asusun da kansa."

"Ni ne."

"Na'ura ta ce ba kai ba ne."

"Shi mai karen ya ƙifta muku ido?"

"A'a. Shi ai bai nemi rufe kati ba, sayayya kawai yake yi."

Na kashe waya.

Alhamis na aika Karare aka kira ƙanena Sale. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kafin abin ya same ni ba a bambanta mu. Hajiya ta ɗora masa hulata, ta saita masa waya.

"Yaya, wannan ba zamba ba ce?"

"Ƙifta."

"In aka kama ni fa?"

"Su wa? Ƙifta."

Ya ƙifta. Na'ura ta ce, "Barka da zuwa, Audu." Nan take aka rufe katin. Sale ya ce tunda banki ya yarda shi ne ni, ko albashin ma shi zai riƙa karɓa. Na dube shi, ya cire hulata ya miƙo mini.

Juma'a albashi ya shiga cif. Sale ya sake ƙiftawa, Hajiya ta tura wa mai taki kuɗinsa ta waya. Na shuka gero a kan lokaci. Abin da aka ɗiba kuwa, har yau wai suna bincike.

Bara shugaban sashenmu ya ce yana so a kafa na'urar duba fuska a ƙofar ɗakin ajiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, in an kafa a ɗauki Sale aiki, don ni ba za ta bar ni in shiga ba." Bai sake maganar ba.

Ku da kuka shigo gadi yanzu, ku ji. Aikin nan sanin mutane ne. Mutum yakan tsufa, haƙori ya zube, ido ya tafi, amma tafiyarsa da tarinsa da sallamarsa suna nan. Ku san su. Kuma wanda zai fita da buhu shi ake tsarewa da tambaya, ba wanda ya zo da gudu yana cewa a rufe ƙofa ba.