Farin Wake a Hannun Yayata

Lokacin da gwamnati ta ɗauke kujerarta daga Legas ta dawo Abuja, mu ma aka kwaso mu, da tukwanenmu da katifunmu. Babanmu ma'aikaci ne, kuma ɗan wata ƙungiyar zumunci ta ma'aikata. Ko kayansu ba su gama kwancewa ba suka gina zauren taro a gefen Kado. Mu 'ya'yansu mata aka yi mana namu reshen: farin ɗankwali, taron Asabar, gaida marasa lafiya. Ni ce mai labarai, ni ke tashi a taron iyaye maza in faɗi wadda ta haihu, wanda aka ƙara wa girma, wadda ta shigo reshenmu. Don bakina ba ya shiru suka ba ni aikin, na sani.

Akwai wata 'yar Gbagyi, sa'ata, mai kawo mana ruwa daga rafi, tulu a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka. Filin zauren ma gonar babanta ce a da. Muka shaƙu. Doyar gidansu kuwa, ni da yayata mun ci har mun daina jin kunya. Ta sha leƙenmu ta taga muna waƙa, tana bin baitin a hankali. Doka ta yarda memba ta kawo ƙawarta, sai na gabatar da ita.

Yadda muke zaɓe, tun daga Legas aka zo da shi. Kowa a ba ta farin wake da baƙar tsakuwa, ta zura hannu ƙarƙashin mayafin da aka rufe ƙwarya, ta saki ɗaya. Wake na nufin mun karɓa. Tsakuwa ko ɗaya ce, magana ta mutu. Ranar zaɓenta an manta ba a zo da wake ba. Ƙawar tawa da kanta ta ruga gida ta ɗebo daga irin da babanta ya ajiye na shuka, ta miƙo tana haki, ta koma gindin mangwaro tana jira.

Uwar ƙungiya, matar wani babban darakta, ta yaye mayafin. Wake fari fat, sai tsakuwa ɗaya a tsakiya. Na shiga raba ido ina neman munafukar. Aka zagayo da kwano kowa ta zuba abin da ya rage mata. Tsakuwa ke ta faɗawa, ƙwas, ƙwas, har aka zo kan yayata da ke kusa da ni. Da ta buɗe hannu, farin wake na gani.

Na daƙuna ta, na ce, "Yaya, ke? Jiya fa a gidansu muka ci abinci!"

Ko a jikinta. Tana gyara ɗankwali ta ce, "Ke yarinya ce. In ta zama memba ta zauna a benci, wa zai riƙa kawo mana ruwa?"

Na buɗe baki zan yi kururuwa, uwar ƙungiya ta daka mini harara. "Ƙwarya ba ta da suna, 'yata. Gobe a taron iyayenku ki ce an yi mitin lafiya, babu sabon labari."

Na fita. Ƙawata ta miƙe tana karkaɗe zane, ashe har ta ɗauro wani tsohon farin ƙyalle a kanta.

"Ya ƙare? Na shigo?"

Ni mai bakin nan, sai na kau da ido. Ta daɗe tana duban fuskata. Sannan ta kwance ƙyallen, ta ninke, ta saɓa tulunta a kafaɗa.

"Ba komai," in ji ta. "Amma ki karɓo mini waken. Baba zai shuka shi."