Fatawar Burtuntuna

Mahaifina bai taɓa kiran aikina da daraja ba. In baƙi suka tambaye shi abin da nake yi, sai ya gyara rawani ya ce, "Wanga? Shina bin burtuntuna, shi da Nasara." Yayyena duk sun gaji karatun zaure, ni kaɗai aka tura boko, daga can na faɗa gidan gona na gwamnati. Maganar takan yi mini ciwo, ko da yake ba ƙarya ya yi ba.

Burtuntuna ita ce cutar da ke shiga zangarniyar dawa ta mai da ƙwaya baƙin gari kamar kunkunniya. Ni kuwa Allah ya jarrabe ni da sonta. Tun ranar da Baturen gona ya bar ni na leƙa madubinsa mai ƙara girman abu, na ga ashe garin nan 'yan ƙwayoyi ne masu rai, ban sake sha'awar wani aiki ba. Damina bayan damina muna gwaji kunya-kunya, har na tabbatar a jikin iri cutar take kwana, da shi ake shuka ta. Akwai maganin Turai, amma ko gonar gwaji ba ya isa, balle talakawa. Kawuna mai fataucin shanu shi ya ba ni labarin wasu mutane can yamma da ke jiƙa iri a fitsarin shanu kafin shuka. Na gwada, na sake gwadawa, abin ya yi.

A shekarun nan ne cutar ta sa gonarmu ta Kwalkwalawa a gaba. Dawar tun ta kakanmu ce, mahaifina Malam ba ya yarda a sauya iri, ga shi kullum dami sai raguwa yake. Magani na hannuna, amma ta ina zan fara? Mutumin da in ruwan kwata ya fantsar masa a riga sai ya koma gida ya sake wata, shi zan ce wa a tsoma abincinsa a fitsari?

Da shuka ta matso na daure na same shi a zaure bayan la'asar, ɗalibai na zaune. Na yi ta kewaye-kewaye.

"Mi kaka son hwaɗi?" in ji shi.

"Allah shi gafarta Malam, hitsarin shanu na. Na san najasa na, amma..."

Ya aje littafi ya yi dariya har rawani na rawa. "Wa yac ce maka najasa na? Dabbar da aka cin namanta, in ba ƙazanta taka ci ba, hitsarinta mai tsarki na. Da ka zamna ga karatu da ka sani."

Ɗalibai suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Na ji kunya, amma daɗin da na ji ya fi ta. Ya kafa sharaɗi: ban da shanun gari masu kiwo a juji, sai na kawu da ke fadama, kuma rabin iri kawai zai ba ni.

Da kaka ta yi, Malam ya hau jaki muka je gonar tare. Ya bi ɓangaren da ba a jiƙa ba, ya goga zangarniya a hannun farar rigarsa, ta bar baƙi. Ya tsallaka ɓangarena ya yi ta gogawa a ɗaya hannun, har ƙarshen kunya hannun rigar na nan fes. Ya juya ya hau jakinsa ya nufi gida. Na ce a raina to, tsoho, riƙe yabonka.

Na ci gaba da aikina, kuma a cikinsa na tsufa, ban taɓa da-na-sani ba. Amma akwai wata rana kafin damina ta gaba da wasu manoma suka zo zaure neman addu'a, burtuntuna ta cinye musu gonaki. Ina rakuɓe bakin ƙofa. Malam ya yi addu'a aka shafa, sannan ya ce, "Addu'a dai mun yi. Sauran hwatawar ba tawa ta ba. Ku tashi ku ishe Malam, ga shi can bakin ƙohwa."

Na waiga in ga wane malami ne ya shigo ban ba shi hanya ba. Babu kowa a bayana sai takalman mutane.