Batiran Dallatu

Dallatu manomin gyaɗa ne a ƙauyenmu, kusa da Makoda, kuma shi kaɗai ke da rediyo a unguwar. Allah ya jiƙansa, amma ba zan ɓoye ba, mutum ne mai maƙon tsiya.

Duk Alhamis bayan la'asar mukan taru a ƙofar gidansa don wasan Yuguda Mafarauci. Rabin awa ake yi, yau Yuguda na hannun 'yan fashi, wani makon kada ya ritsa shi a bakin kogi. Shekara biyu muna haka kafin fari ya zo.

Gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ko iri ba a mayar ba. Ƙanin Dallatu, Sama'ilu, ya tafi birni ci-rani. Wata uku, wata huɗu, shiru. Kullum matar Sama'ilu, Zulaihatu, sai ta leƙo ta zana.

"Yaya, har yanzu ba labari?"

"Zai dawo, ki kwantar da hankalinki."

Batir ya yi wuya. Dallatu yakan shanya nasa a rana bisa rufin rumbu don su ƙara kwana. A lokacin ne gidan rediyon ya rage wasan zuwa minti goma sha biyar, sauran ya koma cigiyar waɗanda suka ɓata da sanarwar rasuwa. Da kiɗan rufe wasa ya tashi, sai Dallatu ya murɗe rediyo.

"Ba zan ƙarar da batirina a jin mutuwar mutane ba," in ji shi. Mu ma ba wanda ya musa, tsoron ji muke yi.

Ranar wata kasuwa, Malam Garba mai sayen fata daga Shanono ya tare Dallatu, ya riƙe hannunsa ya fara yi masa gaisuwar mutuwa. Dallatu ya tsaya yana kallonsa.

"Ashe ba ku ji ba? Alhamis uku ana cigiya a rediyo bayan wasan Yuguda. Wani ɗan ci-rani na kwance a asibitin birni, ba abin da yake faɗa sai Dallatu, sai Makoda. A ta huɗu aka ce an binne shi."

An ƙara shekara ana wasan, sannan aka dakatar da shi, lokacin Yuguda na cikin wata tsohuwar rijiya, ba a taɓa fito da shi ba. Dallatu bai san wannan ba. Tun daga ranar kasuwar nan, yakan zauna da rediyo a kashe har wasan ya wuce, sannan ya kunna, ya saurari sunayen nan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe.