Inna Mai Kwalabe da Zaren da Jiki Ke Cinyewa

Farfesa ya ce babu abin da ke shiga jikin ɗan Adam da shi bai san ƙarshensa ba. Ya ce roba shekara ɗari huɗu take yi ba ta ruɓe ba, ya gani a bidiyo, har da kunkurun teku aka nuna. Saboda haka zaren da aka bar wa matar ƙaninsa a ciki bayan aikin haihuwa mantuwa ce aka yi, kuma shi zai gyara. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan Farfesa ba. Shi ya fara kiran kansa, 'yan gida suka gaji suka bi.

To ya yi haƙuri, yau ba shi za mu yi wa jinjina ba. Jinjinar ta Inna Mai Kwalabe ce, nas ɗin ɗakin wanke ciwo, wadda za ta yi ritaya ƙarshen watan nan.

Shekara talatin da ɗaya, kullum ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗakin nan na ƙarshen baranda. Ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta jera almakashi da hantsaki a tire, ta yayyanka filasta ta manna a gefen teburi. Sannan ta juya kan kwalabenta guda biyar da ke jere a kan kanta, kusa da tukunyar dafa kayan aiki, inda ɗumin ya yi kusan na jikin mutum. Kowacce da ruwan gishiri da guntun zaren tiyata a ciki, da kwanan wata a jikin filasta. Ragowar zaren da ba a yi amfani da shi ba take roƙa a ɗakin tiyata. Ba wanda ya sa ta. Ta dai lura mutum ya fi yarda da abin da ya ja da hannunsa.

Mai jegon da ake magana, kwananta tara da aiki. An sallame ta aka ce ba sai an cire zare ba, ta ce to. Sai ga wani ɗan bakin zare ya leƙo a ƙarshen ɗinkin. Mijinta tela ne, a saninsa zaren da ya leƙo ja ake yi. Ya faɗa wa yayansa, yayansa ya cire tabarau ya goge.

“Na san za a yi haka,” in ji Farfesa. “Leda ce suka bar mata. Akwai mai kemis a bakin titi, yana da reza sabuwa. Ya ɗan buɗe, ya zare, shi ke nan.”

Yarinyar nan ta rasa wanne za ta fi tsoro, ledar ko rezar. Ko tari ta yi sai ta dafe mara. Musu da yayan miji kuwa ba ta saba ba. Abin da ta iya cewa kawai: “Yaya, don Allah mu fara biyawa asibitin. Ko don su ji kunya.” Wannan ya yi masa daɗi. Ya ɗauko jakarsa ta takardu, wadda ba wanda ya taɓa ganin takarda a cikinta.

Inna ta saurare shi har ya gama, kuma bai gama da wuri ba. Ta ja labule, ta duba ciwon, ta ce, “Kai, 'yata, wannan ɗinki ya yi kyau. Wa ya ce a taɓa?”

“Yaya ne.”

“Yaya likita ne?”

“Farfesa ne.”

“Masha Allah.”

Ta fito ta sauke kwalaben a gaban maza biyun. Ta ce wa mijin, “Kai ne telan? To aikinka ne. Wannan kwanansa bakwai a ruwa. Tsinka min.” Ya naɗa a yatsu ya ja, ya sake ja, zare ya shata masa yatsa. Ta ba shi na wata guda, yana ja ya rabu biyu. Na wata uku kuwa ba abin kamawa, sai ɗan gari-gari a gindin kwalba.

“Roba ce, ban musa ba,” in ji Inna. “Amma ba ledar kasuwa ba ce. Gaɓa-gaɓa aka ƙulla ta kamar sarƙa, kuma ruwa ne ke tsinka gaɓoɓin. Jikin mutum kuwa mene ne in ba ruwa da ɗumi ba? Kullum yana ɗan ɓalle wata gaɓa. Guntayen su koma wani tsami irin wanda jiki ke yi da kansa in ka sha gudu, jiki ya ƙone shi, ya fita ta numfashi da fitsari. Lokacin da na fara aiki zaren hanjin tunkiya aka fi amfani da shi, shi jiki narkar da shi yake kamar nama, sai dai ya fi kawo kumburi. Na yanzu kuwa an auna shi ne, ya riƙe sai nama ya kama nama, sannan ya tafi abinsa.”

Mai jego ta leƙo ta labule. “Inna, da an zare yau fa?”

“Da kin dawo mana a kwance, ciwo a buɗe. Yanzu zaren ne ke riƙe da ke, 'yar nan, ba naman ba.”

Telan ya kalli yatsansa, ya kalli matarsa. Inna ta ɗaga kwalba ta biyar, mai shuɗin zare, ta miƙa wa Farfesa. “Ga naka na bidiyo. Shekararsa tara a nan, ko gezau. Irinsa ne ake cirewa.” Ta koma bayan labule, ta datse ɗan bakin zaren daidai fata, ba ja ba fizga, ta rufe da auduga.

Inna, ke ce mai datsewa ba mai ja ba. Ke ce kike zaunar da mutum ki yi masa bayani alhali layi ya kai bakin ƙofa, kuma ba ki taɓa ce wa wani “ba za ka gane ba”. Mai shara ta ce ta sha ganin kin bi mace har bakin get don ki tuna mata kada ta ɗauki bokitin ruwa. Wani direba ya ce ke kika hana shi tsige ɗinkin leɓensa da farce. Ba hotonki a bango, ba a taɓa kiranki taro an ba ki makirufo ba. Tabo nawa ne ke yawo lafiya a ƙarƙashin riguna saboda ke, ke ma ba ki sani ba.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya raba gwiwoyinki da ciwo. Ku kuma da za ku gaji ɗakin nan, don Allah kada ku zubar da kwalaben ranar gyaran kanta. Ku canja musu ruwa, ku sa sabon zare, ku bar mutane su ja da hannunsu.

Shi dai Farfesa bai bar ɗakin hannu rabbana ba. Ana shirin tafiya ya gyara murya ya ce shi duk wannan bai shafe shi ba, don shi jikinsa bai taɓa karɓar roba ba. Ya ɗage riga ya nuna tabo a gefen mara. “Aikin afendis. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Zare bakwai aka cire min, ina kallo, ina ƙirgawa.”

Inna ta sa tabarau ta duba. “Bakwai na fata ke nan. Na cikin fa?”

“Wane na ciki?”

“Inda aka ɗaure hanjin. Da naman da aka ɗinke kafin a zo fata. Sau nawa aka buɗe ka?”

“Sau ɗaya.”

“To wa ya shiga ya ciro su?”

Farfesa ya sauke rigarsa a hankali. Inna ta leƙa baranda ta ce, “Na gaba.”