Kiret Mai Alamar Goggo

Shekara goma sha bakwai Goggo ta yi tana jera ƙwai a gonar kajin da nake wa jigila, kuma bakina ne ya raba ta da aikin. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya zaci ni ne mutumin kirki a labarin.

Ba goggona ba ce ta jini, kowa a gonar haka yake kiran ta, har mai gonar. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma da teburin jera ƙwai ta raine su har kowa ya kama gabansa. Gajeruwa ce, tana ɗan ɗingisa ƙafar dama, da tabarau mai hannu ɗaya da ta ɗaure da zare. Idan tana shakkar ƙwai sai ta ɗan ƙwanƙwasa shi da ɗan'uwansa a kusa da kunnenta, ta ce, "Wannan ya tsage," ko da idonka bai ga komai ba. Ita kanta ba ta cin ƙwai. Takan ce wanda ya wuni yana kallon abu ai ya ƙoshi da shi.

Mata shida ne a ɗakin jeri, kowacce da alamar allin da take yi a gefen kiret ɗinta. Ta Goggo zane biyu ne a tsaye. Da yake tana riga kowa gamawa, kiret ɗinta ne kullum ke fara shiga motata, a ƙasa, can kusurwar hagu bayan gidan direba.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, tawa ta kaina, kuma ina ji da ita fiye da yadda ta cancanta. Na fi shekara ina jin wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinta duk sanda ta faɗa rami. Da farko na ce zan duba ranar hutu. Ranar hutu ta zo ta wuce, sai na ƙara muryar rediyo, har kunnena ya saba.

"Direba, motar nan taka tana tari," in ji Goggo wata safiya ina ja da baya a bakin ɗakin.

Na ce, "Tsufa ne, Goggo. Ke da ita kun fi ni saninsa."

"Ja'iri," ta ce, tana dariya, ta miƙo mini kiret.

Da masu shaguna suka fara ƙorafin fasassun ƙwai, mai gona ya tara mu duka a ɗakin jeri. Ni ya fara duba. "Direba, ko dai gudu kake yi da kayana?"

Jigilar nan da ita nake riƙe gidana. Na riga na lura da wani abu, sai na jefa shi don in tsira. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai a duba alamar kiret ɗin da ke fashewa." Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma baki idan ya samu gangara ba ya jin birki. Na ƙara da cewa, "Ido idan ya tsufa, hannu ma bin sa yake."

Aka ɗauko kiret ɗin da aka dawo da su, duka zane biyu a tsaye. Goggo ta cire tabaraunta ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Mai gona ya ba ta sati biyu ta gyara. Ta riƙa zuwa kafin kowa, tana sauraren ƙwai ɗaya bayan ɗaya, amma bai daina fashewa ba. Ƙarshen sati biyun aka yi mata godiya, aka ce ta je ta huta.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wanda ya biyo baya. Wadda ke bin Goggo a sauri ta gaji kusurwar hagu, sai ga ƙwanta ya fara fashewa. Na gani da idona. Maimakon in yi magana, sai na shiga cakuɗa kiret ɗin wajen lodi, yau na wannan gobe na waccan, ina ɗora laifin kan lalacewar hanya.

Wata bakwai aka yi a haka, har tayar baya ta cinye gefe ɗaya, motar ta fara karkata. Dole ta kai ni gareji. Bakaniken dattijo ne marar son hira. Ya ɗaga motar da jak, ya kafa mata ƙarfen tsaro, ya kwanta a kan kwali ya zura dogon ƙarfe a idon sifirin na hagu, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar a kan tayar baya, ya ɗan danna. Gaba ɗaya sifirin ɗin ya yi wasa, da ƙarar nan da na sani.

"Sauko ka gani," ya ce.

Na durƙusa. Ya kwance noti, ya buge fin ɗin da ke cikin idon da guduma. Bushin ɗin, wato robar da ke hana ƙarfe haɗuwa da ƙarfe, ya zubo a marmashe kamar gawayi. Fin ɗin kansa ya cinye a tsakiya.

"Me kake ɗauka da ita?"

"Ƙwai."

Ya dube ni. "Ƙwai. To duk abin da ke saman nan guduma yake sha a kowane rami." Ya ɗaga hannu ya bubbuga ƙasan bodin da sifana. Ban buƙaci in leƙa sama ba, na san kusurwar.

Ya fitar da ragowar tsohon bushin, ya goge ramin tas, ya shafa mai, ya cusa sabon bushin da doguwar ƙusa mai noti yana ɗaurewa a hankali har ya zauna. Haka ya bi sauran idanun, hagu da dama. Bai matse notunan ba sai da ya sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, ya ce in ba haka ba robar za ta murɗe ta mutu da wuri. Da hantsi na zo, kafin azahar an gama. Na hau titi na nemi rami da gangan, motar ta shiga ta fita shiru. Na gangara gefe na kashe ta, na kifa kaina a sitiyari.

Sati uku ba a dawo da ƙwai ko ɗaya ba, har mai gona ya yaba mini. Sati ukun nan nake jan ƙafa, kafin na ƙulle marmashin robar a leda na nemi gidan Goggo. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya. Na same ta a ƙofa da faranti a cinya, tana tsince wa wani mai shago wake. Na gaishe ta a tsugune, na kwance ledar, na faɗi komai, har da cakuɗa kiret ɗin.

Ta taɓa robar da yatsa. "Wannan ɗan abin ne?"

"Shi ne, Goggo. Ki yafe ni."

"Ka san har asibitin ido na je? Na zaci da gaske na daina gani." Ta ci gaba da tsintar wakenta. "Yafiya mai sauƙi ce, ɗana. Amma a gaban mutane ka faɗi maganar farko. Ka je ka faɗi wannan a inda ka faɗi waccan."

Washegari na sami mai gona. Ya saurare ni, ya ce Allah ya kyauta, amma gurbin ya cike. Na wuce ɗakin jeri na tsaya a tsakiya, na ɗaga murya na ce laifin motata ne da nawa, hannun Goggo bai taɓa fasa ƙwai ba. Sai da na gama na dubi fuskokin sosai. Aikin jeri ba a daɗewa a cikinsa, wata ta yi aure, wata ta bar unguwar, wata ta samu wani aikin. Duk shidan sababbi ne. Ta kusa da ƙofa ta ce, "Wace ce Goggo?"

Da yamma na koma. Tana ganina ta ajiye farantin.

"Ka faɗa?"

"Na faɗa, Goggo."

Ta gyara zaman tabaraunta, fuskarta ta ɗan saki. "Madalla. Su wa da wa suka ji?"