Mikiyar Mai Ful

Wanda ya fara gaya mini cewa Fir'auna ba ɗaya ba ne, wani mai sayar da ful ne a Jidda, wato dafaffen waken Larabawa. Bamisire ne daga can kudancin ƙasarsu, mai gashin baki kamar tsintsiya. Shagonsa yana kallon rumfar da nake rubuta allunan shaguna a hanyar Bani Malik. Mu daga Sudan muka zo Hajji, ni da Baba, muka yi zamanmu. Hannun da na koya a makarantar allo shi ya zama sana'ata, sai dai tawada ta koma fenti.

Kafin ya kama tukunyar wake, mutumin nan ya shekara da yawa yana shugabantar masu ɗaukar kwando a wurin Turawan da ke tonon kaburburan sarakunan dā. Shi ya sa kowa ke kiransa Rayyis. Bai iya karanta ko iƙamarsa ba, wato takardar izinin zama, amma ya san inda sunan sarki yake a jikin bango, don a cikin wani dogon zobe ake zagaye shi.

Ran da ya ce fir'aunonin sun fi a ƙirga, Baba yana zaune yana tsoma gurasa a cikin ful.

"Fir'auna ɗaya muka sani," in ji Baba, "kuma ya nutse."

"Wallahi, ya Hajj, suna da yawa. Na shiga ɗakunansu."

"To Allah ya ji ƙan mutanen Masar. Ɗaya ma da me aka ji?"

Ni kuwa kunnena ya riga ya buɗe. Kullum da hantsi, in kasuwa ta lafa, sai in tsallaka in zauna. Ya ba ni labarin wata mace da ta hau gadon mulki, ta sa aka sassaƙa ta da gemu kamar namiji. Bayan ta mutu, wanda ya gaje ta ya aika magina su kankare ta daga ko'ina. Suka bi da guduma suna faffasa fuska, amma suka bar fasalin jikin, har wanda bai san ta ba ya gane an cire mutum a nan. Ya ce wani sarkin kuma ko wahalar sabon gunki ba ya yi: sai ya goge sunan kakansa, ya cike gurbin da farar ƙasa, ya sa nasa. Da shekaru suka ja, farar ƙasar ta zube, sunaye biyu suka hau kan juna. Ya kuma ga kabarin wani babban bafade da ya fara yabon sarki ɗaya a bangon dama, kafin a kai bangon hagu sarauta ta sauya, aka bar aikin rabi.

"Ya usta," in ji shi, don haka suke kiran mai sana'ar hannu, "gaskiyar Masar tana hannun ragwayen ma'aikata. Abin da tsani bai kai ba, shi ya tsira."

Na yi dariya, ban san da ni yake ba.

Allon shagonsa ni na fara rubuta shi, da kambin sarauta a tsakiya, don a lokacin Masar tana da sarki. Da sojoji suka kori sarkin, ya zo da sassafe yana haki, ya ce in shafe kambin. Daga baya ya ce in sa mikiyar sabuwar gwamnati. Ban taɓa ganin mikiya kusa ba, na zana yadda Allah ya nufe ni. Aka yi shekaru lafiya. Sai rediyon Alƙahira da na nan suka fara zagin juna, masu aski suka sauke hotunan shugaban Masar daga bango, Rayyis ya sake tsallakowa.

"Yalla, ka shafe tsuntsun nan. Har kalmar Masar ka cire. Ful kawai."

A ranar zafi ya yi yawa, kuma ina da alluna uku suna jirana. Na tsinka farin fenti da kananzir, na shafa sau ɗaya, na rubuta ful da manyan baƙaƙe, na sauko. Laimar tekun Jidda ba ta rufa wa kowa asiri. Kafin wata biyu fiffike ya fara leƙowa, sannan baki, sannan ƙoƙon kambi a bisa kan tsuntsun.

Wata safiya wani jami'in baladiyya, masu duba shaguna, ya tsaya a ƙofar da littafinsa. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ni ina rumfata, na sunkuyar da kai kamar mai neman allura.

"Wannan tsuntsun na wace ƙasa ne?"

Rayyis ya goge hannu a riga, ya fito, ya kalli allon kamar yau ya fara ganinsa.

"Kaza ce, Allah ya ja da ranka."

"Da kambi?"

"Zakara ne. Tukkunsa ne."

Jami'in ya yafuto ni, ya tambaya ko ni na zana. Na ce ni ne. Ya ce me na zana? Na dubi Rayyis, na ce zakara. Ya sake duban allon, ya gyaɗa kai, ya ce ai kuwa ba wanda zai kira wannan abu mikiya. Wannan maganar ta fi mari zafi, amma na haɗiye.

Sai ya buɗe littafinsa, ya ce takardar shagon ta ful ce, ba ta kaji ba. Ko dai a cire zakaran, ko a je a gyara takarda. Rayyis ya rantse ƙwai kawai yake nufi, ƙwan da ake fasawa a kan ful. Jami'in ya ce a kawo ya gani. Babu ƙwai ko ɗaya a shagon. Ni na zaga ta baya da gudu na samo biyu a wurin wata maƙwabciya Bayamaniya. Ya ci, ya suɗe kwano, ya ce halas, ya wuce.

Da azahar Rayyis ya ajiye mini tsani da ƙarfen kankara a ƙofar rumfa. Kwana biyu na yi a sama ina kankare allon har katako, shi kuma yana ƙasa yana nuna mini da ludayi duk inda na tsallake. Mako guda bai yi mini magana ba. A na biyun ya aiko mini da kwanon ful, ya ce a gaya mini in na huce in zo, akwai labarin wani sarki da ya kori allolin ƙasar duka ya bar rana kaɗai.