Ƙirjin Loyis da Jarkokin Otal

Agwagi uku ne suka haɗa ni faɗa da Loyis, shekarar da kasuwar Taminus ta ƙone. Gida ɗaya muke haya a Gada Biyu, ɗaki takwas, bayi ɗaya, kwata ɗaya. Wata Asabar da safe ta wanke bayin da wani ruwa da ta kawo daga wurin aikinta a gorar lemo, ta kora shi kwata. Kwatar kuwa ta bayan madafata take bi, nan agwagina suke wanka. Kafin in gama suyar masa, uku sun miƙe ƙafa.

Na kwaso su na zube mata a ƙofar ɗaki.

"Maman Gyang, fito ki fige. Ke kika yanka."

Ta fito tana goge hannu a zani, ko a jikinta. "Haba Mama Kubra, laifi ne don na wanke bayi? Ki shiga ki ji ƙamshi. Ko na gidan gwamna bai fi shi ba."

"Idona yana zubar da ruwa tun daga nan, kike ce mini ƙamshi? Abin da ya kashe agwagwa kafin rana ta yi zafi, ke me kike tsammani yana yi miki?"

"Ni ba agwagwa ba ce. Ku da kuke goge tukunya da toka kamar zamanin Turawan kuza, me kuka sani a tsabta?"

Na faɗa mata abin da ba zan maimaita ba, ita ma ta ba ni daidai kunnena. Wata biyu ba mu gaisa ba.

A wani ƙauye kusa da Barikin Ladi aka haifi Loyis. Ubanta leburan kuza ne, ita ma tun ƙirjinta bai fito ba take ɗaukar kwanon ƙasa a ka zuwa wurin wanki. Makaranta aji uku ta yi aka cire ta. Ta auri Pwajok, direban tifa, ta biyo shi Jos, suka haifi ɗa guda, Gyang. Tifar ta kife da Pwajok a hanyar Bukuru yaron bai shekara biyar ba. Ba ta koma ƙauye ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta nemi aikin shara da wanke bayi a wani otal mai ɗaki goma sha shida, aka ba ta shuɗiyar riga mai aljihu biyu, rigar nan kuwa ta ɗauke ta kamar kakin soja. Kullum a goge. Mace ce doguwa, siririya, mai saurin tafiya, ba ta gulma, ba ta aro, kuma idan ta yarda da abu ko fasto bai isa ya sauke ta ba.

Abin da ta yarda da shi ke nan: wai idan wuri bai yi warin da zai huda hanci ba, bai wanku ba. Ba ita ta ƙirƙiro ba, manajan otal ɗin ne ya ɗora su a kai, wani Oga Ignatius mai tumbi da agogon zinare. Da can da sabulu da ruwa suke aiki. Sai ya samo wani mutum da ke haɗa kemikal a bayan tasha, cikin duro, yana juyawa da sanda kamar mai dama kunu. Jarka biyu ake kawowa, fara da rawaya, babu rubutu a jikin ko ɗaya. Farar ta cire tabo, rawayar ta cinye tsatsa a masai. Safar hannu? Ya ce wannan sai asibiti. Sannan ya kafa doka, wadda har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci: idan an wanke bayi kada a buɗe taga, a ja ƙofa a rufe, don warin ya jira baƙo. Baƙo ya shigo ya shaƙa, ya san an yi masa aiki.

Shekara uku Loyis tana wannan. Hannayenta suka tsattsage, farce ya yi laushi kamar ɓawon albasa, idan za ta ci tuwo da miya mai barkono sai ta nemi cokali. Tana shafa man kaɗanya ta ce sanyin Jos ne. Tari ya zo, ta ce sanyin Jos ne. Komai sanyin Jos. Mu da muka tsufa a cikin sanyin nan ba mu ga ya cinye mana farce ba.

Ana saura kwana huɗu Kirsimeti, 'yan biki suka kama otal ɗin gaba ɗaya. Akwai wani bayi a ɗaki na tara da tabon ruwan rijiya ya kama tun tuni. Oga ya ce ko ta fitar da shi kafin azahar ko ta ajiye riga. Ta zuba farar, tabo bai motsa ba. Ta zuba rawayar, ya ɗan yi haske. Sai ta yi lissafin da duk mai son aikinta za ta yi idan ba wanda ya taɓa gaya mata: tunda kowace tana da ƙarfi, a haɗa su mana. Ta juye su a bokiti ɗaya, taga a rufe, ƙofa a rufe, ta durƙusa da burushi.

Nneamaka, abokiyar aikinta, ita ta ji bokiti ya faɗi. Ta toshe hanci da ɗankwali, ta jawo ta ta ƙafa har baranda. Kwana goma sha ɗaya Loyis ta yi a asibiti da roba a hanci. Likita ya ce huhunta ya ƙone, ba zai koma kamar da ba, kada ta sake kusantar irin wannan abu. Oga Ignatius ya aiko da lemo kwalba shida da saƙo cewa ba shi ya ce ta haɗa ba. Gaskiyarsa. Bai kuma ce kada ta haɗa ba. Kafin a sallamo ta ya ba wata rigar.

Ta dawo gida ta zama abin tausayi. Ko sabulun gari aka jiƙa a tsakar gida sai ta kama ƙirji tana shessheƙa kamar tsohuwar zuga-zugi. Kayanta suka taru, tukwanenta suka yi baƙi, macen da ko tsinke ba ta bari a ƙofar ɗakinta. Wannan ya fi ciwon cin ranta. Wata safiya na kai mata masa da miyar taushe, na same ta tana kallon tukwanen tana hawaye. Na koma murhuna na ɗebo toka, na tankaɗe a rariya, na dire mata da soso.

"Gashi, kayan zamanin Turawan kuza. Ki gwada, ba ya cizo."

Ta yi dariya har tari ya kama ta.

Daga nan ta koya, kuma dole in faɗi gaskiya ko da ba daɗi, ta fi ni. Ni abin da na gada kawai na sani: toka ga tukunya, kanwa da ruwan zafi ga maiƙo, sabulun salo ga tufa. Ita kuwa mai neman ƙarshen abu ce. Ta gano idan ta matse lemon tsami a kan tabon masai ta bar shi ya jiƙa kafin ta sa burushi, tabon da kansa yake saki. Ta huda gindin tsohuwar tukunya ta ƙasa, ta cika da toka, tana tsiyayar ruwan tana wanke daɓe da shi. Ruwan da ta gama wanki ba ta zubarwa a kwata, gindin gwandarta take kaiwa, gwandar kuwa ta yi 'ya'ya har reshe ya karye. Tagoginta kullum a buɗe, katifa a rana duk Asabar. Matan zumunta na cocinsu suka fara kiranta ta gyara musu gida idan za a yi biki, wasu suka zo koyo da bokitansu. Hannunta ya warke. Tarin bai tafi ba, amma ya koma gefe ya zauna. Shekara biyu tana numfashi kamar mutum.

To, shekarar da ta biyo bayan ƙidaya, Oga Ignatius ya aiko. 'Yan matan da yake ɗauka ba sa wata guda suke gudu, baƙi suna ƙorafi, wai ta dawo. Na ce mata kada ta je. Ta ce Gyang yana shekarar ƙarshe a makaranta, aikin biki kuwa yau akwai gobe babu. Amma na san ba wannan kaɗai ba ne. Rigar nan ce. Shekara goma sha takwas ta yi a cikinta, aka cire mata ita tana kwance, tana so ta mayar da kanta.

"Da sharaɗi zan koma, Mama. Da kayana zan yi aiki."

Ta tafi da bokitinta, da ƙullin toka, da lemon tsami cike da leda. Mako guda tana aiki taga a buɗe. Nneamaka ta rantse mini da Allah bayin otal ɗin bai taɓa haske irin na makon nan ba, har ɗaki na tara. Ranar Litinin Oga ya zo dubawa. Ya goga yatsa a tayil, babu komai. Ya leƙa masai, fari fat. Ya leƙa bayan ƙofa. Sai ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hanci sama kamar bunsuru, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Ba a wanke nan ba."

"Oga, duba da idonka."

"Baƙo ba da ido yake dubawa ba. Ya shigo bai ji komai ba, zai ce mun ba shi ɗakin da wani ya kwana. Ki sa abin nan, ko ki ajiye riga."

Da ni ce, da a kansa zan juye bokitin. Ita kuwa sai ta nemo dabara, irin dabarar da ke kai mutum ƙasa. Za ta wanke bayi tas da kayanta, idan ta gama sai ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta riƙe numfashi, ta yayyafa farar jarkar a daɓe don wari kawai, ta ja ƙofa ta fito da gudu. Ɗaki goma sha shida, kullum. Wurin da ya riga ya wanku take zuba wa guba don hancin wani ƙato ya gamsu. Ba ta gaya mini ba. Ni dai na ji tarin ya dawo ta bango, na tambaye ta, ta ce sanyin Jos.

Mako shida ta yi. A na bakwai ta faɗi a kan matakalar otal ɗin, aka ɗauko ta sai asibiti.

Gyang ya zo daga makaranta, bayan kwana biyu ya ɗauke ta zuwa ƙauyensu, can wurin 'yan uwan uwarta. Ba ta ga damina ba. Mutumin bayan tasha kuwa har na bar Gada Biyu yana nan yana dama duronsa, mata suna layi da gorar lemo. Ganina da ita na ƙarshe a asibitin ne, da la'asar, ranar Juma'a. Na kai mata kunun gyaɗa, ba ta iya sha ba. Ta rame har zoben aurenta yana yawo a yatsa. Ta yafito ni da hannu, na sunkuya, magana ɗaya sai ta huta kafin ta biyu.

"Mama Kubra, don Allah... ki biya otal. Ki ce wa Oga... Litinin zan shigo. Kada ya ba wata rigar."

Nas tana tsaye, Gyang yana tsaye, wata mata a gadon kusa tana jinmu. An ce a yi wa mara lafiya magana mai taushi. Na duba cikina ban samu ba.

"Ba zan je ba, Loyis. Ko a mota aka ɗauke ni ba zan je ba. Ƙirji ɗaya Allah ya ba ki, kin kai wa mutumin nan rabi ya aiko miki da lemo, yanzu kina so in kai masa sauran da ƙafata? Idan wari yake so, ya durƙusa ya wanke da kansa, ya rufe taga. Ke ki kwanta ki ja numfashinki, ba na kowa ba ne."